Shibka furanni daga iri

Hausawa na cewa: "Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa." Saboda wannan magana, mutane da yawa sun ɗauki fure abin banza. In ka ce ma maƙwabcinka za ka shibka fure, sai ya yi dariya ya ce: "To, ana cin shi ne?" Amma manomi ya san gaskiya. In wake bai yi fure ba, babu wake. In kabewa ba ta yi fure ba, babu kabewa. Fure, ko hure kamar yadda waɗansunmu ke faɗi, shi ne mafarin ɗiya.

Akwai kuma tsirran da ake shibkawa don furensu. Waɗansu gajeru ne, suna zama cikin fangali ko gwangwani. Waɗansu masu yaɗo ne, suna hawan rumfa da darni. Da yawansu ana samun su daga iri, kuma iri ba shi da tsada. Abin da ke da tsada a ƙasarmu shi ne ruwa. Don haka, ƴan'uwa maza da mata, yau za mu koyi yadda ake tada fure daga iri ba tare da an yi ɓarnar ruwa ba.

1. Mine ne amfanin fure a gida?

Na farko, inuwa. A watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. Ganye mai rai yana fidda laima cikin iska. Shi ya sa rumfar da yaɗo ya rufe ta fi rumfar kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Na biyu, ƙudan zuma. Su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, sannan tsiro ya yi ɗiya. Kabewa, da kankana, da guna, duk suna bukatar su. Manoman Galmi da ke barin albasa ta yi fure don su samu iri, su ma ƙwari ne ke yi musu wannan aiki. Garkar da ke da furanni a gefenta tana jawo zuma.

Na uku, kuɗi. A Yamai, a bakin manyan hanyoyi, akwai masu saida furanni cikin leda da tukwane. Masu sababbin gidaje, da ma'aikatu, da makarantu suna saye.

Na huɗu, daɗin rai. Tsakar gida mai fure tana faranta ran mai gida da na baƙo.

2. Furannin da ke jure ƙasarmu

Ba kowane furen da ka gani a hoto ke iya zafinmu ba. Ga waɗanda ke iyawa. Mun sa sunan da ake rubutawa a jikin takardar iri, don ku gane shi in kun je saye.

Ziniya (Zinnia). Asalinta ƙasar Meksiko. An sa mata sunan wani Bajamushe masanin tsirrai, Johann Zinn, wanda ya rasu a shekarar 1759. Akwai ja, da fara, da rawaya, da ruwan hoda. Tana tsira cikin kwana 4 zuwa 7, ta yi fure bayan kamar wata 2. Mai farawa, ya fara da ita.

Tajet (Tagetes, ko Oeillet d'Inde). Shi ma daga Meksiko ya fito. Furensa rawaya ne ko ruwan goro, ganyensa na da ƙarfin wari. Irinsa siriri ne kamar tsinke, kai ɗaya baƙi, kai ɗaya fari. Masu garka su lura da shi. Akwai wata tsutsa cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, tana sa saiwar tumatir da ta kuɓewa su yi ƙulle-ƙulle. In aka cika fangali da tajet wata 2 zuwa 3, sannan aka dasa tumatir a wurin, tsutsar takan ragu.

Furen rana (Tournesol). Asalinsa Amurka ta Arewa. Kafin ya buɗe, kansa yana bin rana daga gabas zuwa yamma. In ya buɗe, sai ya tsaya yana duban gabas. Ana cin ɗiyansa, ana yin mai da su, kaji ma suna so.

Farbanshi (Pervenche de Madagascar). Furensa fari ne ko ruwan hoda, mai kunne 5. Ya fi sauran jure ƙishirwa, kuma yakan yi fure kusan duk shekara. A shekarar 1958, masu bincike a ƙasar Kanada suka fidda wani maganin cutar daji daga ganyensa. Amma wannan aikin masana ne. A gida ba a cin shi, ba a dafa shi a sha, don yana da dafi.

Furen la'asar (Belle de nuit). Sai la'asar yake buɗewa, ya kwana yana ƙamshi, da safe ya rufe. Irinsa baƙi ne, kamar ɗan ƙaramin kashin akuya.

Kada mu manta da namu na gida, wato lalle. Furensa ƙanana ne, amma ƙamshinsa yana cika gida. Yana yin shinge mai kyau, ga kuma ganye na ƙunshi.

3. Masu yaɗo

Shuɗin wake (Pois bleu, ko Clitoria). Dangin wake ne, furensa shuɗi kamar an tsoma shi a baba. A ƙasar Tailan ana jiƙa furen a yi shayi. In aka matsa lemun tsami a ciki, sai ruwan ya koma shunayya. Yana ƙara ma ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi, kuma dabbobi na cin ganyensa. Ba ya mutuwa da ƙarewar damana in yana samun ɗan ruwa. Mai son inuwa a bazara, wannan ne nasa.

Furen safe (Ipomée, ko Volubilis). Dangin dankali ne da duman kada. Furensa kamar bakin kakaki. Yana buɗewa da asuba, kafin azahar ya yanƙwane, gobe kuma wani sabo ya buɗe. Yana da saurin hawa, amma shekara ɗaya yake yi.

Soso da duma. Waɗannan kowa ya san su. Soso na da fure rawaya, duma na da fari mai buɗewa da marece. Suna rufe rumfa cikin damana, da kaka kuma su bar maka soson wanka da ƙwarya.

Akwai wani mai yaɗo mai ƙaya, da ake gani a katangun manyan gidaje, ja ko ruwan hoda, ana ce masa bugambil. Shi da reshe ake dasa shi. In wani ya ce zai saida maka irinsa, riƙe kuɗinka.

4. Ƙaƙa ake sanin iri mai kyau?

Hanya mafi sauƙi ita ce roƙo. In ka ga fure ya yi kyau a gidan maƙwabci, ko a lakwal, ko a gidan likita, ka nemi izini ka ɗebi busasshen kai. Wannan iri ya riga ya saba da ƙasarmu.

In saye za ka yi, karanta takardar. Duba abu uku:

Sunan furen.

Shekarar da aka ɗura irin, ko wadda zai lalace. Irin da ya daɗe a rana cikin shago ya mutu, ko da takardar na ƙyalli.

Alamar F1. Irin da ke da wannan alama haɗi ne. Yana yin kyau a shibkar farko, amma ɗiyansa ba lalle su yi kama da shi ba.

In ka buɗe ka ga iri da launi ja, ko shuɗi, ko kore, magani ne aka shafa masa. Kada yaro ya taɓa, kada kaza ta ci. Wanke hannu da sabuni bayan shibka.

Kafin ka zuba ruwanka a ƙasa, gwada irin. Ga yadda ake yi:

Ƙirga ƙwaya 10.

Jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse shi.

Jera ƙwayoyin a kai, ka naɗe, ka sa cikin leda, ka aje a inuwa.

Kullum ka duba, kada tsumman ya bushe.

Bayan kwana 7 zuwa 10, ƙirga waɗanda suka fidda saiwa.

In 7 ko fiye suka tsira, iri mai kyau ne. In 4 ko 5 ne, a riƙa sa ƙwaya biyu-biyu ko uku-uku a rami. In 1 ne ko 2, nemi wani iri. Wannan ɗan gwaji da ruwan kofi guda ake yin shi, amma yana hana asarar ruwan sati biyu.

5. Yaushe ake shibka?

Lokaci biyu ne masu kyau.

Farkon damana, watan Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna. Wannan shi ne lokacin masu yaɗo, da lalle, da farbanshi. Sama ce ke ba su ruwa kyauta. Kafin damana ta ɗauke, saiwarsu ta yi zurfi. Ko ranar 3 ga watan Agusta, da ake dashen itatuwa a Nijar tun shekarar 1975, ba a makara ba ga ziniya da tajet.

Bayan kaka, watan Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake fara noman rani. Rana ta yi sauƙi, ƙasa ba ta saurin bushewa. Ziniya, da tajet, da furen rana suna yin kyau ƙwarai a gefen fangulan salati da kabeji.

Kada a shibka daga Maris zuwa Mayu. Ɗan tsiro ba ya iya wannan rana, sai dai a yi ta zuba ruwa a banza.

6. Haɗa ƙasa

A auna da tiya:

tiya 2 ta ƙasar garka,

tiya 1 ta rairayi,

tiya 1 ta ruɓaɓɓen taki.

A tankaɗe, a fidda tsakuwa, a garwaya. In ƙasar wurinku jigawa ce, ba sai an ƙara rairayi ba. In laka ce, a ƙara shi.

Takin ya zama tsoho, wanda ya yi baƙi, ba ya wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙone saiwa, yana kuma jawo gara.

Ba sai an sayi tukunya ba. Gwangwanin tumatir, da tsohuwar roba, da fasasshen tulu, da ledar ruwa, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: a huda gindin da ƙusa wuri 3 ko 4, don ruwa ya samu hanyar fita. Saiwa ma tana numfashi. In ruwa ya kwanta, sai ta ruɓe.

7. Yadda ake shibka

Nan ne mutane suka fi yin asara. Sun saba da shibkar hatsi, sai su binne irin fure da zurfi su take da diddige. Ƙaramin iri ba shi da guzurin da zai kai shi sama. Yana tsira a ƙarƙashin ƙasa, ya mutu can, mai shi ya ce irin ne ba kyau.

Ga ƙa'ida: zurfin rami ya zama kaurin ƙwayar sau 2 ko sau 3.

Ziniya, da tajet, da farbanshi: rabin santimetir. A ja ɗan layi da tsinke, a jera iri, a barbaɗa ƙasa da rariya.

Furen safe, da shuɗin wake, da furen la'asar: santimetir 1 zuwa 2.

Furen rana, da soso, da duma: santimetir 2 zuwa 3, wato gaɓar yatsa guda.

Waɗansu ƙwayoyi suna da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shiga da wuri. Shuɗin wake da furen safe haka suke. A goga gefen ƙwayar a bisa dutse, kaɗan, har a ga fari ya fara leƙowa. Kada a goga wajen idon. Sannan a jiƙa cikin ruwa mai ɗumi, dare ɗaya. Da safe za a ga ta kumbura, a shibka nan take. Irin lalle ya fi son jiƙo mai tsawo, kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwan kullum.

Masu yaɗo da furen rana ba su son a taɓa saiwarsu. A shibka su inda za su zauna, ƙwaya 2 ko 3 a rami. In sun tsira, a bar mai ƙarfi. Sauran furannin ana iya renon su a gwangwani ko ƙaramin fangali, daga baya a dasa.

Bayan shibka, a rufe da tsohon buhun gwado ko busasshiyar ciyawa, a yayyafa ruwa a bisa. Kullum da safe a ɗaga a leƙa. Ranar da aka ga tsiro ya huda ƙasa, a cire murfin. In aka bar shi, tsiron yakan yi tsawo, siriri, fari, ya faɗi. A sa shi inda zai samu ranar safe, da inuwa da tsakar rana.

8. Ruwa

Wata uwargida za ta ce: "Malam, ni da nake sayen ruwa bidon-bidon, ina na ga na fure?" Gaskiyarki, uwargida. Amma duba ruwan da ke zubewa a gidanki kullum.

Ruwan alwala. Kowane babba a gida yana alwala sau da yawa a yini. A shibka mai yaɗo kusa da wurin alwala, a ja ɗan lambatu zuwa gindinsa. Wannan kaɗai ya ishe shi.

Ruwan wankin shinkafa, da na ganyen miya, da na ɗaurayar kwano. Duk suna da kyau.

Ruwan da ba a so shi ne mai gishiri, ko mai kanwa, ko mai jabel, ko mai kumfar omo da yawa. Yana kashe tsiro, yana ɓata ƙasa.

Ga dabaru huɗu na tattalin ruwa:

A bada ruwa da sanyin safiya ko da marece. Na tsakar rana, iska na shan wani ɓangare nasa.

A zuba a gindi, a hankali. Ga ɗan tsiro, a huda murfin kwalbar roba da allura a riƙa yayyafi, don kada ruwa ya tone iri.

A rufe gindin da ɓawon gujiya, ko ƙaiƙayi, ko busasshen ganye, kaurin yatsa 2. A bar ɗan fili tsakaninsa da karan tsiron saboda gara.

A binne tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe ba, a binne shi har wuya, a shibka furanni kewaye da shi, nisan taƙi guda. A cika shi da ruwa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa, saiwa na sha daidai bukatarta. In ya ragu, a ƙara. A rufe bakin da faifai ko tsohon kwano kullum, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Ƙaƙa za ka san tsiro na son ruwa? Tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji laima, bari sai gobe. Yawan ruwa ma yana kisa. In ka ga ƴan tsirrai suna faɗuwa, gindinsu ya yi siriri ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa, ko kuma sun cunkushe. A rage ruwa, a cire waɗansu, iska ta shiga.

9. Dashe da kulawa

In tsiro ya yi ganye 4 zuwa 6, ya isa dashe. A ba shi ruwa tukuna. A ɗebo shi da ƙasar gindinsa, da tsohon cokali. A dasa da marece, a danna ƙasa da yatsu, a bada ruwa. A yi masa ƴar inuwa da kara ko reshe kwana 3.

Ga tazarar da ake bari:

tajet, santimetir 20 zuwa 25, wato taƙi guda;

ziniya da farbanshi, santimetir 30;

furen rana, santimetir 50, wato kamu guda.

In ziniya ko tajet sun kai tsawon taƙi, a katse kan da akaifa. Mutum yakan ji tausayi, amma a wurin kai ɗaya rassa da yawa za su fito, kowane da furensa. Furen da ya yanƙwane kuma a cire shi. Tsiro in ya fara ɗiya yakan daina fure.

Mai yaɗo yana son abin kamawa tun yana ƙarami. A ɗaura igiya daga gindinsa zuwa bisa rumfa. Kada a shibka shi jikin katangar ƙasa. Ruwan da ake ba shi zai ci gindin katangar. A bar tazarar metir guda. A riƙa share busasshen ganye daga ƙarƙashinsa, don kada kunama ko maciji su samu maɓoya.

10. Masu ɓarna

Akuya ita ce ta farko. Aikin wata biyu, cikin minti biyu take gama shi. A yi shinge na ƙaya ko darni tun kafin shibka. Kaji suna tono, ƙadangaru suna cin toho. A kifa tsohon kwando ko yagaggen gidan sauro a bisa ƴan tsirrai har su yi ƙarfi.

In darɓa ko tsutsa ta kama ganye, ga magani a bakin ƙofa: ɗiyan bedi, wato dogon yaro. A fasa busassun ɗiya, a daka ƙwayar ciki garam 500. A jiƙa cikin ruwa litir 10, ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan sabuni kaɗan. A yayyafa da marece, sama da ƙarƙashin ganye, lokacin da zuma ta koma gida. A sake bayan sati ɗaya.

11. Hattara da masu dafi

Ba duk abu mai kyan gani ke da lafiya ba. A gidan da ke da ƙananan yara, kada a shibka waɗannan:

Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro. Farin furensa na da kyau, amma duk jikinsa dafi ne.

Idon zakara. Mai yaɗo ne, ɗiyansa ja da baƙi kamar duwatsun ado. Ƙwaya guda in an tauna tana iya kisa.

Zurma. Ɗiyanta na da mugun dafi.

Kariya, da loriye mai dogon ganye da ake shinge da shi a birni. Ruwan jikinsu dafi ne.

Irin furen safe da na furen la'asar su ma ba a cin su. A aje kowane iri inda hannun yaro ba ya kai.

In yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, kada a jira a ga abin da zai faru. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai. A kai shi gidan likita nan da nan, a tafi da reshen tsiron ko ɗiyansa don a nuna.

12. Aje iri don baɗi

Wanda ya iya aje iri, sau ɗaya yake saye.

A zaɓi tsiro 3 ko 4 mafi lafiya da kyan fure. A ɗaura musu tsumma don kowa ya san na iri ne, kada a tsinke furensu. A bar kan ya bushe a bisa uwarsa har ya yi ruwan ƙasa. Na shuɗin wake, a cire kwanson in ya bushe, kafin ya fashe da kansa. Na furen rana, a ɗaura masa ƙyalle saboda tsuntsaye.

A murje, a sheƙe, a shanya a inuwa sati ɗaya. A garwaya da ƴar toka mai sanyi saboda ƙwari. A zuba cikin busasshiyar kwalba, a toshe bakin sosai, a aje a ɗaki mai sanyi. Zafi da laima su ne ke kashe iri.

Sannan a ɗauki alƙalami. A rubuta a ƴar takarda: sunan furen, da launinsa, da wata, da shekara. A sa ta cikin kwalbar. Bayan wata takwas, ba mai iya tuna wace kwalba ce ta ja, wace ce ta fara. Takarda ba ta mantuwa. Kai ɗaya na ziniya yana bada ƙwayoyi da yawa. Abin da ya yi saura, a ba maƙwabta, ko a rena shi cikin leda a kai kasuwa.

Kada a fara da yawa. Gwangwani 5 da mai yaɗo guda sun isa a shekarar farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Faɗi amfani uku na fure a gida.

2. Ƙaƙa ake gwada iri kafin a shibka?

3. Don mi ba a binne ƙaramin iri da zurfi?

4. Wane ruwa ne ba a ba tsiro?

5. Mi za a yi in yaro ya ci ɗiyan idon zakara?

Lissafi

1. An gwada ƙwaya 20, sai 15 suka tsira. Nawa ne ba su tsira ba?

2. Wata uwargida tana da gwangwani 12. Kowane yana shan rabin litir a yini. Litir nawa take bukata a yini? Bidon mai litir 25 zai kai ta kwana nawa?

3. Fangali mai tsawon metir 3 ne. Ana dasa ziniya duk bayan santimetir 30. Tazara nawa za a samu a layi guda?

Aikin yi

Kowa ya zo da iri kala ɗaya daga unguwarsu. Ya ƙunshe shi a takarda, ya rubuta sunansa da ranar da ya ɗebo shi. Za mu gwada ƙwaya goma-goma a cikin aji, sati mai zuwa mu ƙirga tare.